Lakar da ke Ƙarƙashin Kafet

Akwai wani mai wankin mota a Ɗanbatta da ake kira Sha'aban. In ka fito daga tasha ka ɗan taɓa tafiya, za ka ga filin sayar da motoci na Alhaji Kamaruddeen. To a kusurwar filin nan, kusa da famfon burtsatse, nan yake sana'arsa shekara shida. Filin na Alhaji ne, ruwan ma nasa ne, yawancin motocin da yake wankewa kuma na Alhajin ne, waɗanda ake kawowa daga Kano a tsaftace su kafin a sayar.

Sha'aban ba ya cikin masu watsa wa mota ruwa su goge gilashi su ce an gama. Sai ya fitar da kafet, ya bi ƙarƙashin kujeru, ya sa tsohon burushin haƙori a lungun da yatsa ba ya shiga. In jikin ya bushe ya tura ta inuwa, ya shafa folish, ya jira ya yi fari-fari, sannan ya bi da tsumma mai laushi har sai mutum ya ga fuskarsa a jikin ƙofa. Direbobi kan ce yana da nawa, amma dai gurinsa suke komawa.

Wata safiya bayan kaka, aka kawo wata doguwar mota irin ta haya, mai kujera layi uku. Alhaji ya miƙa masa makulli.

"Wannan ka yi mata aiki na musamman. Akwai wani dattijo daga Kunci da zai zo ɗauka bayan la'asar."

Da Sha'aban ya buɗe ƙofa, wani warin danshi ya daki hancinsa. Ya ɗaga kafet, sai ga busasshiyar laka shimfiɗe a ƙasa. Ƙarafan kujeru duk sun yi tsatsa. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe, ya ga shatin ruwa a jikinsa. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, wayoyin sun fara kore.

Bai buƙaci wani ya faɗa masa ba. Motar nan ta kwana a cikin ambaliya.

Ya je ya sami Alhaji a rumfarsa, ya rusuna.

"Alhaji, motar nan ruwa ya ci ta. Yau za ta tashi, amma wayoyin ba za su daɗe ba."

Alhaji bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Kai makaniki ne ko mai wanki? Ka kankare lakar, ka fesa turare, ka mayar da kafet. Abin da na sa ka ke nan."

Ya koma ya kama aiki. Ya kankare, ya wanke, ya shanya kafet a rana. Ya goge jikin motar har tana ɗaukar ido. Amma duk ƙyallin da ta ƙara, sai abin ya ƙara damunsa.

Tun kafin azahar dattijon ya iso, ɗoki ya hana shi jiran la'asar. Sunansa Malam Kassimu, manomi ne, tafin hannunsa duk kanta. Alhaji ya fita cin abinci, don haka ya zauna a benci kusa da Sha'aban, suka gaisa.

"Shanun nomana biyu na sayar, na haɗa da gyaɗar bana," in ji shi, yana kallon motar da murmushi. "Babban ɗana Zaharaddini ya iya tuƙi, ga mata ga 'ya'ya uku. Gara ya riƙa jigila tsakanin Kunci da nan, da ya tafi kudu neman aiki."

Ya zagaya motar yana shafa ta, sannan ya juyo.

"Ɗana, kai ka shiga ko'ina nata. Ni shanu na sani, ban san mota ba. Lafiya take?"

Sha'aban ya tsaya da tsumma a hannu. Ya dubi famfon da yake ɗiban ruwa, ya dubi rumfar Alhaji. Ya san in ya buɗe baki, yau ce ranarsa ta ƙarshe a filin nan. Ya kuma san in ya ce "lafiya lau," dattijon nan zai yarda da shi ɗari bisa ɗari.

"Baba, zo ka gani."

Ya ja bel ya nuna masa shatin ruwan. Ya haska masa wayoyin da fitilar waya. Ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba, bai rage ba, bai kuma zagi kowa ba.

Malam Kassimu ya sake duba shatin ruwan. Can ya ce, "Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini." Ya jira Alhaji ya dawo, ya ce masa ya fasa, ya kama hanyar tasha.

Alhaji bai yi dogon faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kwashe bokitanka. Wanda yake shan ruwana ba zai riƙa kore mini ciniki ba."

Da ya koma gida da kayan aikinsa ɗaure a bayan keke, matarsa Asiya ta saurari labarin har ƙarshe.

"Da ka ce masa ba ka sani ba fa?" ta tambaya a hankali.

"Ai na sani, Asiya."

Ta yi ajiyar zuciya, ta tura masa kwanon tuwo. "To ci. Allah ba zai bar mu ba."

Ya koma gindin wata bishiyar darbejiya a bakin titi, yana sayen ruwa a gurin 'yan garuwa. Wata rana babura biyu kawai zai wanke. Wata rana ko ɗaya babu. Wasu abokan sana'a suna masa dariya, wai ya kori kansa da kansa. Da damina ta faɗi, da safe yana gonar geronsa, da rana yana gindin bishiya yana jiran abin da Allah zai kawo.

Ita kuwa motar, Alhaji ya sayar wa wani mutumin Shanono. Ba ta yi wata biyu ba ta mutu a hanya da fasinja cike, makaniki ya buɗe ya ce ruwa ne. Rigimar ta kai har gaban shugabannin tasha, magana ta bazu.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa sai ga Malam Kassimu da ɗansa a wata tsohuwar mota da suka gano a Kano, mai motar yana zaune a gaba.

"Ba mu gama ciniki ba tukuna," in ji dattijon. "Na ce sai ka wanke ta. Abin da ka gani, shi za mu bi."

Sha'aban ya yi awa uku a kanta. Ya ce fentin ya koɗe, kujera ɗaya ta yage, amma ƙasanta ƙalau. Suka saya. Har yau tana kan hanya.

Zaharaddini ya ba direbobi labari, direbobi suka ba fasinjoji. Kafin wata kakar, duk wanda zai sayi tsohuwar mota a yankin sai ka ji ya ce, "A kai wa Sha'aban ya wanke tukuna." Ya kafa rumfar kwano, ya sayi tankin ruwa.

Wata rana da hantsi Alhaji Kamaruddeen ya tsayar da mota a gaban rumfar. Ya fito ya yi sallama, ya ɗan jima yana gyara hula.

"Mutane sun ƙi sayen mota a gurina sai ka duba. Ka dawo filin, ruwa kyauta."

"Na gode, Alhaji. Nan ma ya ishe ni. Amma ka kawo ko nawa ne, zan wanke. Sai dai in mai saye ya tambaye ni, zan faɗa masa abin da na gani."

"Don haka na zo," in ji Alhaji.

Akwai motoci biyu a gabansa. Ya tattara babbar rigarsa, ya zauna a benci, ya jira layi ya zo kansa.

Darasi: Ƙwarewa a sana'a amana ce. In wanda bai sani ba ya tambaye ka kai da ka sani, rayuwarsa ya ɗora a kan amsarka. Gaskiya tana iya raba ka da gurin cin abincinka na ɗan lokaci, amma in ka yi haƙuri, ita za ta sa a neme ka har inda ka koma. Ku tura wa duk mai sana'ar hannu da kuka sani, wataƙila yau shi ma wani zai tambaye shi.