Muryar Auta a Cikin Kaset

Akwai wani mutum mai suna Salmanu, ɗan Kusasu a ƙasar Birnin Gwari. Kafin daji ya lalace, shi ne mai kayan sauti na yankinsu. Biki, suna, wa'azi, duk lasifikunsa ake zuwa a ɗauka haya. Wannan ya sa yake ganin a harkar sauti babu wanda zai koya masa komai.

Da 'yan bindiga suka ƙone garinsu, ya gudo cikin Birnin Gwari da matarsa Saliha, da 'ya'yansu, da mahaifiyarsa Inna Furera. Daga baya ya koma a kan babur ya kwaso abin da wuta ta bari: buhun masara biyu, lasifika ɗaya, da tsohuwar rediyon Inna mai cin kaset.

Ba a yi wata uku ba aka tare ƙanensa Abdulfattah, wanda kowa ke kira Auta, a hanyar da ta ratsa daji. Gawarsa kawai aka kawo. Wayarsa ma ba a gani ba.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dai daina cin abinci. A kawo kunu ya huce a gabanta, a kawo tuwo ya bushe. An kai ta asibiti, likita ya ce bai ga wata cuta ba, amma in ta ci gaba a haka jikinta ba zai ɗauka ba.

Wata rana da hantsi ta kira Salmanu. Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Babba, buɗe akwatina. Akwai kaset a ƙarƙashin zannuwa. Ina so in ji muryar Auta."

Kaset ne da Auta ya aiko mata shekara goma sha takwas da suka wuce, lokacin da ya je ci-rani Legas. Ba ta iya karatu, don haka ya yi mata wasiƙa da baki. A duniya babu sauran inda muryarsa take sai nan.

Salmanu ya sa shi a rediyo. Sai shuuu kawai ke tashi, can ƙasa-ƙasa kuma murya kamar daga cikin rijiya. Ga kunnen Inna ya yi nauyi. Ta kara kunnenta a jikin rediyon, ta daɗe, sannan ta juya fuska bango ta kwanta.

Washegari ya ɗora buhu ɗaya a babur.

"Baban Bushira, rabin abincinmu ke nan fa," in ji Saliha.

"Na sani. In ta mutu ina kallo, da wane baki zan ci ɗayan?"

Ya sayar da masarar. Kuɗin ba su da yawa, na'urar ƙara sauti ɗaya tak za su saya, kuma in ya yi kuskure babu na sake wa.

Wani maƙwabci ya nuna masa rumfar Baba Nathaniel a bayan tasha. Dattijo ne mai gyaran rediyo, wanda ya yi shekaru yana kula da kayan sautin cocinsu. Salmanu ya kai masa kaset ɗin da rediyon, dattijon ya kunna, ya saurara kaɗan, ya yi maza ya kashe.

"Ɗana, kada ka ƙara kunna shi a rediyon nan. Robar da ke jan zaren ta bushe, za ta tauna shi. Bar min ita kwana biyu in canza."

"Kwana biyu? Baba, uwata ce a kwance. Amfilifaya mai ƙarfi nake nema yau ɗin nan."

Baba Nathaniel ya jawo wani ƙaramin akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur. Fentinsa duk ya goge, a samansa kwalabe biyu ne a tsaye kamar ƙananan ƙwayayen fitila.

"Muryar da ke cikin kaset ɗin ta raunana. In ka zuba ta kai tsaye a babbar amfilifaya, hayaniyar za ta ɗaga, ta danne maganar. Wannan mai kwalba ita ake sa wa a gaba. Tana ɗaukar ƙaramar murya ta ɗaga ta a hankali, ga kuma maɓallin rage shuuu ɗin. Ni na haɗa ta daga tsofaffin rediyoyi. Abin da ke hannunka zai ishe ka, har ka yi saura."

Salmanu ya yi dariya mai ɗaci. Mutanen da ke zaune a benci suka waiwayo.

"Wannan gwangwanin? Baba, shekara ashirin ina harkar sauti. Zamanin kwalba ya wuce tun ina goye. Kun ga mutum a matse, shi ne za ku lafta masa tarkacen da kuka rasa mai saye."

Dattijon ya miƙa masa rediyonsa da kaset ɗinsa da hannu biyu.

A cikin kasuwa Salmanu ya samu abin da yake so: baƙar amfilifaya sabuwa fil, mai fitilu ja da kore, an rubuta manyan lambobi a kwalinta. Ta cinye kuɗin masarar kakaf.

Yana isa gida ya haɗa wayoyi da batirin sola, ya kawo lasifikar bakin gadon Inna, ya kunna.

Ƙara ta cika ɗakin kamar injin niƙa. Muryar Auta ta koma wani gurnani marar kan gado. Inna ta toshe kunnuwa da hannuwanta.

"Kashe! Wannan ba Auta ba ne. Kashe, Babba!"

"Inna, bari in daidaita, yanzu za ki ji."

Ya murɗa wannan, ya murɗa wancan. Sai sautin ya ja, ya lanƙwashe, ya tsaya cak. Ya buɗe rediyon. Zaren kaset ɗin ya naɗe a jikin robar, ya cukurkuɗe. Ya ja a hankali, zaren ya tsinke a hannunsa.

Saliha ta dafe ƙirji ta yi salati. Inna ta dubi baƙin zaren da ke lilo a yatsunsa, ta rufe ido.

Salmanu ya fita ko takalmi bai sa daidai ba. Ya fara zuwa wurin mai shagon da ya sayar masa da amfilifayar. Mutumin ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Ya roƙe shi da Allah, ya roƙe shi da iyayensa, bai ko ɗago kai ba.

Daga nan ƙafarsa ta kai shi bayan tasha. Ya tsaya nesa da rumfar Baba Nathaniel, rana na dukansa, ya kasa ƙarasawa. Mutanen ɗazu suna nan a benci. Ya juya zai tafi, ya tuna fuskar Inna, ya dawo. Ya durƙusa a gaban teburin, ya ajiye kaset ɗin da zarensa a waje.

"Baba, na ci mutuncinka a gaban jama'a. Ba ni da ko sisi yanzu. Amma uwata za ta mutu."

Baba Nathaniel ya sa tabarau, ya duba zaren.

"Tashi, ɗana, ƙasa da zafi. Riƙe min nan."

Ya kwance kaset ɗin da ƙaramin sukudireba. Ya yanke inda ya taune da reza, ya haɗa bakin biyu da siririn salatif, ya miƙar da sauran da bayan cokali, kaɗan-kaɗan. Ya aiki Salmanu ya ɗauko rediyon. Ya ajiye duk aikin da ke gabansa, ya ciro roba daga wata rediyo tasa ya sa mata, ya goge kan da ke karanta zaren da auduga. Aikin da ya ce kwana biyu, ya zauna a kansa tun azahar har la'asar sakaliya, ko ruwa bai sha ba.

"Kalma biyu ko uku sun tafi, ba za su dawo ba," ya ce. "Sauran suna nan. Mu je."

Ya rufe rumfarsa, ya rungumi akwatin mai kwalba, ya hau bayan babur.

A ɗakin Inna ya gaishe ta, ya yi mata gaisuwar rashi, sannan ya zauna a tabarma ya haɗa kayan: rediyo zuwa mai kwalba, mai kwalba zuwa baƙar amfilifayar, wadda ya rage ƙarfinta har kusan ƙasa. Salmanu ya kai hannu zai kunna.

"Dakata. Sai ta yi ɗumi."

Suka zuba wa kwalaben ido. A hankali wani ɗan jan haske ya taso a cikinsu kamar garwashi. In zaren ya sake tsinkewa, shi ke nan.

Dattijon ya danna maɓalli. Shuuu ɗin ya taso, ya murɗa ya kwantar da shi. Sai murya ta fito, a sarari, kamar mai ita yana zaune a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum. Inna, ni ne Auta. Ina kwana? Ina gajiya?"

Inna ta buɗe ido. Ta dafa gado ta tashi zaune da kanta.

"Wa alaikumus salam," ta amsa. "Lafiya lau, Auta. Lafiya lau."

Muryar ta ci gaba. Ya sauka lafiya. Ya samu aikin dako a kasuwa. Ruwan Legas ba ya ɗaukewa, abincinsu kuma barkono ya yi masa yawa, yana kewar miyar kukarta. Aka zo wurin ɗinkin, maganar ta yi tsalle, ta ci gaba.

"Ki gaishe min da Yaya Salmanu. Ki ce masa na ga manyan lasifiku a nan, in na samu kuɗi zan taho masa da su. Amma sai ya yi miki alkawari zai daina yi wa mutane tsawa."

Dariya ta kuɓuce wa Inna. Daga dariyar sai kuka, kukan da ta riƙe tun ranar da aka kawo gawar. Saliha ta rungume ta. Salmanu ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza.

Da kaset ɗin ya ƙare, Baba Nathaniel ya miƙe zai tafi. Salmanu ya fara cire wayoyin akwatin don ya mayar masa.

"Bar shi a nan. Ni ma dajin nan ya ci min ɗa, kuma ba ni da ko kaset. Gobe ka zo mu juye muryar a waya, kada zaren ya ƙara wahala."

Inna ta share hawaye da gefen mayafinta, ta dubi surukarta.

"Saliha, baƙo zai fita gidan nan bai sha komai ba? Dama kunu. Ki zuba kofi biyu, ɗaya nawa ne."

Darasi: Matsuwa ba hujjar wulaƙanta mutum ba ce, kuma ƙyalli da ƙara ba su ne inganci ba. In abin hannunka kaɗan ne, saurari wanda ya san aikin kafin ka kashe shi, ko da rumfarsa ta tsufa, ko da addininku ba ɗaya ba. Wanda ka raina da safe, wataƙila shi ne zai rufe shagonsa dominka da yamma. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai labarin nan, wani na can yana gab da yin irin kuskuren Salmanu.