Kurkunun Zaidu da Akwatin Wasa

Akwai wata mata mai bandar kifi, Habsatu, a wani ƙauye kusa da Warra, tun Yauri na cikin Jihar Sakkwato. Ɗanta ɗaya ne, Zaidu, yaron da ko tuwo a tsaye yake ci.

Wata shekara tsutsar kurkunu ta fito masa a idon sawu. Matasan shafin nan ba ku san ta ba, ku gode wa Allah. Tsutsa ce doguwa, fara kamar zare. Kullum ana naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a hankali, har ta fita duka. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, wani ma ya gurgunce.

To wa zai zaunar da Zaidu? Da Habsatu ta juya ga murhun banda, sai ta hango shi yana ɗingishi zuwa bakin ruwa. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, har ta taɓa ɗaure shi da zane. Ranar da ta ga tsinken ya karkace saura kaɗan tsutsar ta tsinke, tsoro ya kama ta sosai, ta zauna ta yi kuka.

Wata malamar asibiti ce ta ba ta labarin wani akwatin wasa da ke kafe yaran birni wuri ɗaya. Da Habsatu ta ce za ta sayo shi, matan ƙauyen suka yi mata dariya, wai yaro na ciwo uwa na neman abin wasa. Ranar kasuwar Yelwa ta ɗauki kwandon kifinta ta shiga jirgin ruwa.

Ta sayar da kifin, ta bi rumfunan masu rediyo ɗaya bayan ɗaya, wasu ko gane abin da take nufi ba su yi ba. A ƙarshe ta faɗa shagon wani Ɗangana. Ya sauko mata da babban kwali yana ta kuri, ya ce irinsa 'ya'yan manya ke bugawa a talabijin.

"Malam, wanga shina aiki ba wuta?" in ji ta.

Ya ce a'a.

"To mu ruwan dam ɗin da aka yin wutar muka da shi, wutar ba ta iso muna ba. Ba ni wanda yaro ka riƙewa hannu biyu, kwance."

Ɗangana ya yatsine fuska, ya tono wani ɗan ƙarami daga ƙasan kantar shagon, mai cin batirin agogo. A gilashinsa wani ɗan mutum ne cikin kwalekwale yana tarar abubuwan da ke faɗowa daga sama. Habsatu ba ta biya ba sai da ya koya mata dannawa, ta ga da idonta lallai sai da hannu biyu. Ta haɗa da batir na ajiya.

A gida ta kafa doka. Akwati ba ya fitowa daga cikin kwallarta sai ƙafa na kan matashi. Zaidu ya yi bore, ta ƙi sassautawa, ya miƙe ƙafa. Hannayen da ke sosa ciwo suka samu aiki. Yaran unguwa da ke jan sa zuwa ruwa su ma suka dawo suka kewaye tabarmarsa.

Makonni suka wuce. Wata safiya tana juya tsinke, sai wutsiyar tsutsar ta zame ta fito, cikakkiya. Habsatu ta ce, "Zaidu, ta fita. Tashi ka taka."

Yaron da aka taɓa ɗaurewa da zane ko ɗago kai bai yi ba.

"Inna, tsaya in ƙare tukuna."

Darasi: Kafin ka saya wa yaro na'ura, dubi halin da yake ciki da gidan da za ta shiga, kada girman kwali ya ruɗe ka. Kuma kai za ka riƙe dokarta, ba shi ba. Ku tura wa duk iyayen da ke shirin yi wa yaransu tsaraba.