Allon Rijiyar Ciyaman

Da Ciyaman Gwadabe ya sa Tanko mahaƙi ya haƙa rijiya a bakin kasuwa, sai ya aika aka kira Ilu mai rubutun allo.

"Da Turanci nake so," in ji Ciyaman. "Ka sa mini kirarin nan da Turawa ke rubuta wa manya, wato 'sananne a duk duniya'. Kuma kada ƙarya ta shiga, baƙi za su karanta. Ka kuskure, rumfarka ta tashi."

Ilu kuwa ya san ko a ƙauyen gaba ba a san Ciyaman ba. Washegari ya kawo allo, kirari ya fito raɗau.

"Ina sunana?" in ji Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, Bature ba ya rubuta wannan sai ga wanda ya wuce a gabatar da shi. In na sa suna, na ce ba a san ka ba ke nan. In sa?"

Ciyaman ya dubi mutanensa, ya gyara hula. "Bar shi haka."

Da yake allon ba suna, har yau Tanko mahaƙi masu ɗiban ruwa ke sa wa albarka.