Manomin da Ya Ce Bari Ya Yi Tunani

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani manomi. Ɗan gidan sarauta ne, amma fartanya ce ke ci da shi. Tun yana saurayi ya ga wata yarinya mai suna Afiniki a wajen koyon waƙa na coci, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Matsalar guda ce: Afiniki 'yar maƙera ce, uwarta kuma maginiyar tukwane. A ƙauyen nan kuwa, tun kaka da kakanni, gidan sarauta ba ya auren maƙera, ba ya sa hannu a ƙwarya ɗaya da su. Garmar da maƙeri ya ƙera, da ita suke noma. Tukunyar da matarsa ta gina, a ciki suke dafa tuwo. Amma hannun da ya yi su, wai ƙazanta ne. Ku ji fa! Kuma duk mutanen nan a rafi ɗaya aka yi musu baftisma.

Manomin ya aure ta. Danginsa suka fusata, suka ɗauki rawanin dagaci da ake sa ran shi zai gada, suka naɗa wa ƙanensa. Bai damu ba a lokacin, jini na tafasa. Suka zauna, Allah ya ba su 'ya mace, Ketura, ta girma har ta zama ita ke jan waƙa a ƙungiyar matasa. Da uwar manomin ta tsufa ta kwanta ciwo, matar da ta taɓa rantsewa ba za ta sha ruwan hannun 'yar maƙera ba, Afiniki ce ta yi jinyarta, tana ba ta kunu a baki, tana wanke ta, har ranar da ta cika.

Ana nan sai ƙanen nan, dagacin, ya rasu bayan girbi, bai bar ɗa namiji ba. Kujera ta zauna babu kowa.

Ran jajibirin Kirsimeti da safe maza suka taru a bakin kasuwa don watanda, wato sun haɗa hannu sun sayi sa guda, a yanka, a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. Bisa al'adar garin, tozon sa na dagaci ne. A bana kuwa babu dagaci. Sai Baffa Irmiya, ƙanen uban manomin, wanda shi ne babba cikin masu naɗin sarauta, kuma dattijo a coci, ya ɗauki tozon, ya naɗe shi a ganye, ya ja manomin gefe ya ɗora masa a hannu.

Ya ce, "Ɗana, kujerar ubanka ce, kai ya kamata ka hau. Gobe bayan sujada za mu sanar. Abu ɗaya ne kawai: matar nan ta koma unguwarsu. Ba mu ce ka sake ta ba, mu masu bi ne. Ta dai zauna can, kana aika mata da hatsi. Amma 'yar maƙera ba za ta kwana a gidan dagaci ba, ba kuma za ta dafa abin da baƙin sarauta za su ci ba."

Da mutumin nan ya tofar da yawu ya juya, da misalin ya ƙare a nan, kowa ya tafi gida ya huta. Ina! Ya ji nauyin tozon a hannunsa. Ya tuna shekarun da ya yi yana tuɓe takalmi yana durƙusa wa yaron da shi ya goya a baya. Sai ya buɗe baki ya ce, "Baffa, bari in yi tunani."

Wajen watanda ba a rufa asiri. Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da Afiniki a tsakar gida tana tsintar shinkafar biki a faifai. Ta dubi ƙunshin ganyen da ke hannunsa.

Ta ce, "Baban Ketura, me ka ce masa?"

Mai laifi dai, sai ya tashi da faɗa. "Ke, kada ki dame ni! Kin san abin da na rasa saboda ke? Da ban aure ki ba, da kowace shekara har gida ake kawo mini wannan. Da ba na yawo da wando mai faci, yara suna gaishe ni a tsaye!"

Ta ajiye faifan, ta shiga ɗaki.

Shi kuwa ya je inuwar rumbu ya kwanta da rana tsaka, yana huci, yana ƙorafi a ransa cewa Allah ma bai yi masa adalci ba. Ko barci ne ya sace shi, ko ba barci ba ne, Ubangiji dai ya nuna masa wahayi. Ya nuna masa rayuwar da bakinsa ya roƙa, wadda a cikinta ya bi maganar dangi tun farko, bai taɓa auren Afiniki ba.

Ya ga kansa a zauren dagaci ranar Kirsimeti, rawani a ka, babbar riga tana ɗaukar ido. Ga tozo, ga kaji, ga tulunan zuma ana ta shigowa da su. Mutanen da suka saba yi masa kallon banza suna zubewa suna cewa, "Ranka ya daɗe." Kada a yi muku ƙarya, ya ji daɗi ƙwarai, har ya gyara zama.

Lokacin cin abinci ya yi. Aka saki asabari aka bar shi shi kaɗai, don dagaci ba ya ci a gaban jama'a. Bara ya fara ɗanɗana miyar, wai ko wani ɗan'uwa ya zuba wani abu. Matar da dangi suka zaɓa masa, 'yar gidan hakimi, tana can gidan iyayenta tana biki, gama kujerar ta aura, ba shi ba. Ya ɗaga murya ya ce, "Ku kira mini Ketura ta zo ta yi mini waƙa."

Fadawa suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wace ce Ketura?"

Ya ce, "'Yata mana!"

"Ranka ya daɗe, babu mai wannan suna a gidan nan. Ba a taɓa yi ba."

Bai gama haɗiye wannan ba sai ga hayaniya a ƙofa. Aka jawo wata mace aka durƙusar a gabansa, hannuwanta duk sun tsage da yumɓu. Afiniki ce. Laifinta? Tana wucewa ta bayan gidan dagaci ta ji wata tsohuwa tana nishi a ɗakin baya, ba wanda ya leƙa ta tun safe, kowa yana zaure wajen rabon nama. Sai ta tsallaka danga ta ba tsohuwar shinkafa a kwanonta, da hannunta. Tsohuwar nan kuwa uwar dagaci ce, wato uwarsa, wadda a wahayin tana nan da rai.

Baffa Irmiya ya matso kusa da kunnensa ya ce, "Ta ƙazantar da gidan sarauta. Ka ce a fasa tukwanenta duka, a fitar da ita daga gari."

Ya so ya ce a'a. Ya so ya tashi ya ɗaga ta. Amma ya duba dama da hagu, duk waɗanda suka naɗa shi ne a zaune, sun zuba masa ido. A nan ya gane rawanin a kansa yake, jelar rawanin kuwa tana hannun Baffa. Ya ji bakinsa da kansa yana faɗin hukuncin, kalma bayan kalma, yadda aka raɗa masa.

Aka fito da tukwanen aka yi ta rotsawa a ƙofar fada. Afiniki ta ɗago ta dube shi. Da ma ta zage shi, da ya fi sauƙi. Kallon baƙo ta yi masa, mutumin da ba ta taɓa sanin yana son ƙanzon tuwo ba, ba ta taɓa jin tarinsa ba. Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Ta tashi ta bi hanya.

Ya ƙwalla ihu ya farka, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ruga tsakar gida. Ketura tana zaune a bakin murhu tana kuka, wuta ta mutu. Afiniki kuwa ta riga ta ɗaure kayanta ta aza a ka.

Ya ce, "Maman Ketura, don Allah sauke kayan nan."

Ta ce, "Ba sai an aiko a kore ni ba. Na san hanyar unguwarmu." Ta fice, bai iya tare ta ba.

Kashegari aka yi sujadar Kirsimeti, aka yi waƙa, aka yi rawa, mata masu zumunta suka kaɗa tulunansu. Bayan an tashi aka fito harabar coci don cin abinci tare, kowane gida ya kawo nasa. Tare, in ji su! Kwanukan maƙera a can gindin tsamiya ake jere su, nesa da na sauran, su kaɗai suke cin abinsu. Manomin nan ma duk shekarun aurensa cikin danginsa yake zama ranar, ya bar matarsa a can, wai don a zauna lafiya.

Baffa Irmiya ya miƙe, ya gyara murya zai yi sanarwa. Manomin ya riga shi. Ya fito tsakiyar fili da ƙunshin ganyen, ya yar da tozon ɗanye a gaban ƙafar tsohon.

Ya ce, "Baffa, ga namanku. Matar da kuka ce in kora, ita ta wanke uwata sa'ad da ku duka kuke toshe hanci a bakin ƙofa. A lokacin hannunta bai yi ƙazanta ba? Yanzun nan kuka gama waƙar Mai Ceto ya zo domin kowa, ga shi ko cokali ba za ku iya haɗawa ba. Ku naɗa wanda kuka ga dama. Ni ba na so!"

Ya juya ya taka har gindin tsamiya, ya durƙusa a gaban Afiniki, a idon gari duka, ya ce, "Na yi miki laifi. Ki ba ni abinci."

Ta dube shi. Sa'an nan ta tura masa kwanon da take ci, ta ce, "Ci. Amma ka sani, maganar Baffa ba ta yi mini ciwo ba, shi abin da ya gada ke nan. Kai ne. Kai da na kwana na tashi da kai shekara da shekaru, aka ce ka zaɓa tsakanina da ƙyalle, ka ce bari ka yi tunani."

Ya sa hannu ya ci, hawaye yana zuba a cikin shinkafar. Rawanin aka naɗa wa wani, manomin ya koma gonarsa da wandonsa mai faci. Afiniki ta yafe masa, ta dawo ɗakinta, amma sai da aka shiga sabuwar shekara.

To, ga abin da misalin nan yake nufi, ku buɗe kunne. Manomin nan kai ne, ke ce. Rawanin kuwa ba sai na dagaci ba. Kujerar kansila ce, shugabancin ƙungiya ne, ƙarin girma a wurin aiki ne, har ma kujerar dattijo a cikin ikilisiyar nan. Mulki ba zunubi ba ne, Allah ne yake ba da shi. Amma duk mulkin da aka ce sai ka ture wanda yake ƙaunarka kafin ka hau, ba daga Allah yake ba, kuma in ka hau ba kai za ka yi mulkin ba, waɗanda suka saya maka shi ne za su yi ta magana da bakinka.

Baffa Irmiya ma yana nan, kada ku waiwaya kuna neman sa a baya, a kujerun gaba yake zama. Abin yana ƙona mini rai! Mu sha daga ƙoƙo ɗaya a teburin Ubangiji, mu fita waje mu ce wane ɗan wane ne, kakansa kaza ne, ba a aurensu. Wa ya koya mana wannan? Ba Yesu ba ne. Shi da yake da kursiyin da ya fi kowane kursiyi, ya bar shi ya sauko, aka haife shi a wurin da dabbobi suke cin harawa, ya ci abinci da waɗanda gari yake ƙyama. Wannan shi ne Kirsimetin, ba sabon ɗinki ba.

Ku kuma lura, manomin bai kori matarsa ba. Bai ce i ba. Cewa kawai ya yi zai yi tunani, wannan kaɗai ya isa ya fitar da ita daga gida da kaya a ka. Shi Allah ya ji tausayinsa, ya nuna masa wahayi tun da sauran lokaci. Kai ba a yi maka alkawarin wahayi ba, misalin nan ne rabonka. In akwai wanda ka ɗora a ma'auni kana gwada shi da wata kujera, kada ka ɗauka bai sani ba. Ya sani sarai, shiru kawai ya yi maka. Tashi ka je ka ba shi amsa yau, tun bai gama ɗaure kayansa ba.