Sabon Kan Inji a Bisa Tsohon Gaskit

Akwai wani mutum mai suna Habila, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohuwar mota. Mahaifin nan mai bishara ne. A cikin motar ya zaga ƙauyuka yana wa'azi, a cikinta aka kai masu naƙuda asibiti, a cikinta kuma iyalin suke zuwa ƙauyensu kowace shekara domin sujadar godiyar kaka, buhunan dawa a baya, 'ya'ya a kan buhunan suna waƙa. Bayan rasuwarsa kan injin ya tsage, motar ta zauna a gindin mangwaro har kaji suka mai da ita wurin saka ƙwai.

Wata rana mahaifiyar Habila, wadda ta tsufa har ganinta ya fara dushewa, ta ce masa, "Habila, ka kai ni godiyar kaka ta bana a motar babanka. Ban sani ba ko zan ga ta baɗi."

Sai Habila ya nemo wani kan inji mai lafiya, ya sayi sabon gaskit, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kai da jikin inji domin kada ruwa da mai su gauraya. Ya baza sifanu a tabarma, ya kwance tsohon kan, ya ɗaga shi. A ƙarƙashi ya tarar da tsohon gaskit manne da ƙarfe, ya kuwa san hannun mahaifinsa ne ya shimfiɗa shi. Zuciyarsa ta karaya. Ya ce a ransa, "Abin da hannun Baba ya sa, ni ba zan yage shi ba." Ya ajiye sabon gaskit ɗin a gefe, ya ɗora kan injin a bisa tsohon, ya ɗaure.

Motar ta tashi, Habila ya yi murna. Amma ba a jima ba farin hayaƙi ya cika tsakar gida, ruwan lagireto ya shiga tafasa, baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa.

Tsohuwa ta fito tana tari, ta ce, "Mota kake gyarawa ko masara kake gasawa?"

Ya ce, "Mama, na ƙi cire abin da Baba ya sa ne."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta shiga ɗaki, ta fito da wata wuƙa wadda bakinta ya cinye, ta ce, "Ashe ba ka san babanka ba. Ranar da ya sa wannan abin, da wuƙar yankan kuɓewata ya kankare na da, har ya lalata mini ita. Na yi fushi, na daɗe ina ba shi miyar kuka zalla. Shi kuwa ya ce, 'Damaris, in na bar ko ɗigon tsohon, sabon ba zai zauna ba.' Ungo, ka yi yadda ya yi."

Habila ya sake kwance injin. Ya kankare da wuƙar nan har ƙarfe ya yi ƙyalli, ya shimfiɗa sabon gaskit, ya ɗora kan injin, ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, ya zuba sabon mai. Ran Lahadi suka shiga ƙauye ana buga ƙarfen sujada. Tsohuwa ta dafa ƙofar motar, ta saurari injin, ta ce, "Muryarta ke nan. Haka take kuka tun ina amarya."

To, ga ma'anar misalin. Motar ita ce bangaskiyar da iyayenmu suka bar mana. Tsohon gaskit kuwa shi ne abin da ya yi aiki a zamaninsu, ya gama aikinsa, amma muka riƙe shi saboda ƙaunarsu. Sau da yawa mukan ce, "Haka Baba ya bari," mu ƙi taɓawa, gida ko ikkilisiya kuwa tana ta hayaƙi. Ƙaunar Habila gaskiya ce, amma saura kaɗan ta hana mahaifiyarsa zuwa sujada. Iyayenmu da kansu sun kankare abin da ya ƙare domin abin da Ubangiji ya ba su ya zauna daram. Saboda haka, 'yan'uwa, wanda yake so ya girmama mahaifinsa, kada ya tsaya gadin gaskit ɗinsa. Ya karɓi wuƙarsa.