Nomau Ya Ƙi Nuna Wurin Ruwa

An yi wani mutum a wani gari, tun kakannina ba su san juna ba, Nomau mai haƙar rijiya. Bawan Allah ne, ba shi da hayaniya. Ku saurara. Ke Ladidi, ajiye wayar nan.

Sauran mahaƙa, in an kawo musu ɗan koyo, sai su zaga gari da shi: nan akwai ruwa, can babu, haddace. Wata shida ya fara fita aiki. Shi kuwa Nomau sai ya damƙo ƙasa ya zuba maka a hannu. "Sansana. Me ka ji?" In ka ce ba komai, ya ce, "To, sai gobe."

Gobe, gobe, har shekara biyu. Rannan sarkin fawa, da ɗansa ke koyo a wurin, ya zo ya tsaya masa a ka.

"Malam Nomau, ɗa na kawo maka ko bunsuru? Kullum sansane-sansane! Nuna masa wuri mana."

"Sarki, in na nuna masa, garin nan kaɗai zai sani."

"To a wane gari zai zauna? Rowa ce kawai!"

Ya janye ɗansa, saura ma suka janye nasu. Gari ya ɗauka, Nomau marowaci ne. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa. Mutum ɗaya ya rage masa, Cindo, ba wani kaifin kai, sai naci. Da sunan marowacin nan Nomau ya rasu.

Wata damina kogi ya cinye garin, aka tashi aka koma kan tudu, tafiyar yini biyu. Mahaƙa suka sara rijiya bakwai, duk busassu. Abin da suka haddace yana can ƙarƙashin ruwa. Har an fara ɗaure kaya, kowa zai kama gabansa. Cindo ya yi kwana uku yana yawo, yana duba inda gara ke fito da laka mai danshi, inda ɓaure ya yi kore. Ya ce a sara nan. Zurfin gaba tara, sai ruwa.

Kowa ya sha, har sarkin fawa. Ban ji an ce wani ya nemi gafarar mamacin ba.

Jikana da ya yi karatu a ƙasar Sin ya ce su ma sun taɓa yin tsohon malami mai wannan hali. Ni ban je ba. Amma ku masu bin malamai a faɗa wa 'ya'yanku amsa ranar jarrabawa, ku sani garin da za su zauna ba wannan ba ne, kuma ba da ku za a je ba. Malamin da ke wahalar da su da tunani, ku bar shi ya yi aikinsa, ku gode masa tun yana ji.