Kurege da Fara Dubu Biyar da Arba'in

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya!

Wata shekara fara ta sauka a daji. Dabbobi goma suka yi gayya, suka kama, suka soya, suka tara tsibi guda. Sai rabo ya gagara, don babu mai iya ƙirga a cikinsu, sai suka kira Kurege.

Kurege ya ce, "Zan raba, kuma ba na neman kaso. Abin da ya yi saura kawai, shi ne nawa."

Suka ce sun yarda.

Ya ƙirga, ya ƙirga, ya ƙirga: dubu biyar da arba'in cif. Ya lissafa a zuci. A raba biyu, ba saura. A raba bakwai, ba saura. A raba goma, kowa ɗari biyar da huɗu, ba saura! Sai ya yi kamar tari ya sarƙe shi, ya jefa ɗaya a baki.

Ya ce, "Dubu biyar da arba'in ba ɗaya."

Aka raba goma, tara ta yi saura. Kurege ya ga tara, ya raina. Ya ce, "Haba jama'a, mu ci mu kaɗai? A kira maƙwabta!" Aka cika ashirin, sha tara ta yi saura. Ya ce a ƙara kira. Aka cika sittin, hamsin da tara ta yi saura.

Daɗi ya kama shi, baki ya suɓuce. Ya hau tsibin yana kaɗa jela, ya ce, "Ku tara duk dajin nan! Wannan adadi taurin kai gare shi. Ba ya rabuwa daidai sai mai ci ɗaya ne, ko kuwa masu ci sun kai yawan farar."

Kura na gefe tana haɗiyar yawu. Ta ce, "Ɗaya ka ce?"

"Wasa nake, Yaya Kura."

"To, ni ce ɗayar."

Ta yi gurnani, kowa ya ranta a na kare. Ta danne jelar Kurege, ta ce, "Kai kuma kai ne gyara."

Kurege ya ce, "Na yarda, Yaya. Amma ki ƙirga tukuna, kada a ce an cuce ki. Ɗauko da dama, miƙa wa hagu, ajiye a bayanki. Ga wuri mai tsabta can."

Wurin nan kuwa bakin ramin tururuwa ne.

Kura ta sa hannu biyu a aiki, jela ta kuɓuta. Tana "ɗaya, biyu, uku, da yawa," tana ajiyewa, tururuwa na ɗauka. Tana ajiyewa, tururuwa na ɗauka. Da ta waiwaya, ko ƙafar fara babu. Ta duba gyara, gyara na can bayan geza. Ta tafi tana zage-zage.

Kurege ya lallaɓo, ya tura hanci cikin ramin, ya ce, "Salamu alaikum, mai rabo ne. Ina saura?"

Wata tsohuwar tururuwa ta ce, "Kowa ɗaya, ta zo daidai. Amma baƙo ba ya komawa hannu rabbana."

Suka yi masa caa a hanci. Da gudu ya isa gida, kwana uku yana atishawa.

Ƙurunƙus kan soyayyar fara! In Allah ya ba ka ilimin lissafi, yi shi a zuci, musamman in Kura na kusa.